Hajjo Ungozoma a Babi Na Uku

Ranar Laraba da hantsi Zakiyya ta shigo kangon da ke can ƙarshen Mabera, tana sunkuyawa ƙarƙashin igiyoyin shanya tana tsallake tukwanen mutane, bakinta ya ƙi rufuwa don murna. Gidan ba a gama gina shi ba, mai shi ya bar wa 'yan gudun hijira su fake, iyali tara a ɗaki shida. Ɗakin ƙarshe, wanda ke jingine da tulin bulo, shi ne na Hajjo. A bakin ƙofa ta same ta, tana tsince shinkafa a faifai.

"Inna, rufe idonki."

"In ruhe ido in ga mi? Zamna, ɗiyata, kin sha rana."

Zakiyya ba ta zauna ba. Ta zuge jaka ta ciro littafi sabo fil, ta ɗora mata a kan cinya. Hajjo ba ta karatun boko, don haka ta ɗaga shi a tafin hannu biyu ta auna nauyinsa, kamar yadda ta saba yi wa jariri kafin ta ce wa uwarsa komai. Yana warin gam. A bango an zana wata mata ta ba da baya, da ƙunshi a kai.

"Shi na wanga?"

"Shi ne, Inna. Mata goma sha ɗaya, kowace da abin da ta gani a rikicin daji. Ke ce babi na uku. Asabar za a ƙaddamar da shi. Amma ba wannan ne babban albishir ba." Ta durƙusa ta rage murya. "Gidan rediyo sun yarda su karanta shi babi-babi, duk Juma'a bayan La'asar. Na ce da naki za su fara. Jibi ke nan."

Yatsun Hajjo suka tsaya a kan bangon.

"Rediyo," ta ce. "Wanda aka ji har ƙauye?"

"Har Nijar ma ana kama shi!"

Hajjo ta ce madalla. Ta sa albarka, ta yi wa iyayen yarinyar addu'a, duk abin da ya kamata baki ya faɗa ya faɗa. Zakiyya ta ce za ta wuce Ƙofar Marke wurin Muntari mai ɗab'i, don sauran kwafi ɗari biyar na littafin ba a sa musu gam ba tukuna. Ta fita tana ɗaga wa yara hannu. Hajjo ta bi ta da kallo, kuma abin da take gani ba bayan Zakiyya ba ne, wata 'yar rediyo ce baƙa da aka rataye a reshen marke, cikin daji, maza da bindigogi a kwance ƙarƙashinta suna sauraro.

Hajjo 'yar Tungar Maiƙaho ce, gabas da Sakkwato, inda fadama ta yi iyaka da daji. Wurin kakarta ta koyi karɓar haihuwa tun tana riƙe mata fitila, kuma kafin ta cika shekara hamsin babu gidan da ba ta binne wa mabiyiya a bayan ɗaki ba a garin. Ba ta da yawan magana. In ta shiga ɗakin naƙuda sai ta kori kowa, ta bar mutum ɗaya mai tafasa ruwa. Kullum a ƙugunta akwai ƙulli mai sabuwar reza da zare da ɗan sabulu. Mijinta Maccido ya rasu ya bar ta da ɗa guda, sauran ukun ba su yi kwana ba.

Ɗan nan sunan yanka Abdulwahabu, sunan mahaifin Maccido. Ga shi ɗan fari, ga shi sunan suruki, kunya biyu ke nan, Hajjo ba ta taɓa furta sunan ba ko sau ɗaya. A bakin gulbi ta haife shi, ranar yankan shinkafa, sai ta riƙa ce masa Na-Gulbi. Maƙwabta suka ɗauka, malamin allo ya ɗauka, har aka kai ga in baƙo ya shigo Tunga yana neman Abdulwahabu sai a yi ta kallon juna. Da ya girma ya koyi gyaran babur, abin da aka rubuta da fenti a jikin rumfarsa ke nan, Na-Gulbi.

Shekara huɗu da suka wuce, rana tsaka, mutum huɗu a kan babur biyu suka tsaya ƙofar gidanta. Ba su harba ba, ba su zagi kowa ba. Suka ce ungozoma suke nema. Aka ɗaure mata fuska da rawani aka shiga daji da ita. Matar babbansu ce ta kwana biyu a durƙushe, ɗa ya taho da ƙafa. Hajjo ta wanke hannu ta yi aikinta, uwa da ɗa suka tashi lafiya. Suka riƙe ta har cibiya ta faɗi, sannan suka mayar da ita gida da buhun shinkafa da cinyar akuya a bayan babur. Ba ta isa ta ce ba ta so ba. Garin kuwa ya ga buhun.

Sau biyar suna zuwa ɗaukarta cikin shekara biyu. A zuwa na biyar ne ta ga 'yan mata biyar a wata bukka, an ɗaure musu ƙafafu da igiya. Uku daga Tunga suke, cikinsu har da Bara'atu ɗiyar Hajara maƙwabciyarta, wadda ita Hajjo ta yanke wa cibiya da hannunta. An sa Hajjo kirɓa wa maijego dawo, abin da ya rage a kai wa 'yan bukka. Ta karya reza gida biyu, ta tura rabi cikin curi ɗaya ta shafe bakin. Ta san dawo ba a haɗiye shi haka nan, sai an dama da hannu, kuma hannun da ya dama zai ji. Kwana biyu bayan an mayar da ita gida aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, 'yan matan nan su biyar suka shigo gari jiƙe sharkaf, ƙafafu duk ƙaya. Mutanen daji suka ɗora laifin a kan mai gadinsu, ba a sake ganinsa ba. 'Yan matan suka ce wata daga cikin matan dajin ce ta ji tausayinsu. Hajjo ta ce Allah Ya saka mata.

Da 'yan sa-kai suka fara tambayar waye ke kai wa daji labari, sunanta ne ya fara fitowa. Na-Gulbi ya saka ta a motar kasuwa ya turo ta Sakkwato. Shi ya zauna, da matarsa da 'ya'ya uku, domin mutanen daji sun faɗa masa a fili, ranar da suka kawo babur suka tarar da rumfa a rufe, ranar garin zai ci wuta.

Bayan wata shida Hajara ma ta iso kangon da iyalinta, kuma ta taho da maganar a bakinta. Ungozomar ɓarayi. Ba a faɗa a gabanta, amma in ta miƙa hannu za ta ɗauki jinjiri sai uwar ta tuna ba ta yi masa wanka ba. Bara'atu ta yi aure a nan Mabera, naƙuda ta kama ta a ɗakin da ke manne da na Hajjo, aka nemo keke-napep aka tafi da ita asibiti tana kuka, aka wuce ta gaban Hajjo babu wanda ya dube ta. Ranar ta zauna a kan hannuwanta don kada su yi abin da suka saba.

Cikin wannan hali Zakiyya ta same ta. Malamar makaranta ce daga Minanata, tana yawo gidajen 'yan gudun hijira da waya tana ɗaukar muryoyin mata. Sai da ta zo sau shida, tana kawo goro da man zafi, kafin Hajjo ta buɗe baki. Da ta buɗe kuwa ba ta rage komai ba. Zakiyya ta yi mata alkawari za ta sauya kowane suna, ta kuma cika. Hajjo ta koma Uwani, Tunga ta koma wani gari da babu shi, Maccido ya samu sabon suna a kabarinsa. Da aka zo kan ɗan, Zakiyya ta tambayi sunansa, Hajjo ta sunkuyar da kai ta ce Na-Gulbi. Yarinyar ta yi dariya.

"Alkunya ke nan. Mu ma Innarmu ba ta faɗin sunan Yaya, wani suna take ce masa, in kin fita ƙofar gida ba wanda ya san shi. Wannan zan bar shi, ya yi daɗi."

Wata huɗu da suka wuce Zakiyya ta dawo ta karanta mata babin tun daga farko, don in akwai gyara. Hajjo ta ji sunan sau bakwai, ta ƙirga da yatsu a ƙarƙashin hijabi. Ta ji an ce mai gyaran babur. Da Zakiyya ta ɗago ta ce, "Inna, akwai abin da zan cire?" sai Hajjo ta ce babu, Allah Ya yi albarka.

Ta gaya wa kanta cewa ba a karanta littafi a daji. Gaskiya ne, amma ba shi ne dalili ba. Bara'atu ta yi firamare, kuma da rana in an gama aiki takan zauna a inuwar bulo tana karanta wa matan kango littattafan Hausa. Tun ranar da aka karanta mata babin, Hajjo take ganin abin a ranta. Littafin ya shigo kango. Bara'atu tana karatu, ta zo kan dawo ta sassauta, ta zo kan Na-Gulbi ta tsaya cak. Ta ɗago kai. Hajara ta saki abin da ke hannunta. Ita kuma Hajjo tana can bakin ƙofarta tana tsince shinkafa, ba ta ce komai ba, ba ta ma duba ba. Ta kalli wannan hoto ya fi sau ɗari, kullum tana ƙara masa wani abu.

Yanzu ga littafin a cinyarta, kuma yau ma ta bar yarinyar ta tafi ba ta ce uffan ba. Ta tura shi ƙarƙashin tabarma. Ta ɗauko shi ta sa cikin buhun shinkafa. Ta yi Azahar, ba ta san raka'a nawa ta yi ba.

Duk Laraba bayan Azahar Na-Gulbi yake kira, don a rumfarsa waya ba ta kamawa sai ya taka tsohuwar taya ya ɗaga hannu. Suna da yadda suke magana. Ba a cewa ɓarayi, ba a cewa daji, baƙi ake cewa.

"Inna, an wuni lahiya? Ya zahi?"

"Lahiya lau. Ya ɗiyan? Ya mai ɗakinka?"

"Suna gaishe ki. Inna, ina da baƙi, babur ukku sunka kawo. Ga su nan zamne, sun ce in gaishe ki da kyau."

Ta ji su. Wani ya ɗaga murya daga nesa, "A gaida Inna ungozoma!" sauran suka yi dariya. A bayan dariyar kuma akwai wata murya da ba ta tsaya ba, muryar mace tana karanta gaisuwar masu sauraro, wane na gaida wance. Rediyon rumfa ne. Hajjo ta san shi, ita ta ɗinka masa riga da tsohon zane.

"Sun ce yaron da kinka amsa na hwarko har ya hwara bin awaki," in ji Na-Gulbi, muryarsa a miƙe kamar mai karanta wasiƙa. "Kuma wai uwatai ta sake yin nauyi. Suna tambaya yaushe za ki komo."

"Ka ce masu ƙahwa ta hana ni."

"Na hwaɗa masu."

"Kullum rediyon ga a kunne yake?"

"Wane? Ai shi ka ɗebe muna kewa. Su ma in sun zo ba su so a kashe. Lahiya, Inna?"

Ta ce lafiya. Wayar ta yanke, ko shi ya sauko daga kan taya ko ita ta danna, ba ta sani ba. Ta ciro littafin daga buhu, ta kaɗe shinkafar da ta maƙale, ta ɗaure shi a ƙugu inda ƙulli yake zama, ta fita titi ta tsayar da ɗan kabu-kabu ta hau babur ɗinsa.

Shagon Muntari yana cikin wani lungu a Ƙofar Marke, sai da suka tambayi mutum uku. Tun daga waje ake jin injin yana bugawa. A ciki takardu ne tuli-tuli a kan dogon tebur, an naɗe su an jera, kowane tuli da dutse a kansa don fanka. Muntari, wani gajere mai furfura a gemu da tawada har gwiwar hannu, yana ɗauko ɗaya daga kowane tuli yana haɗawa. Zakiyya na zaune a kan benci tana rubuta sunayen manyan baƙi.

"Inna! Me ya fito da ke cikin ranar nan?"

"Malam, don Allah kashe abin ga, in yi magana."

Muntari ya dubi Zakiyya, ya dubi tsohuwar, ya kashe.

"Sunan ɗana da kinka bari," in ji Hajjo. "Ba na cikin ɗaki ba na. Shi duk gari ka kira nai da shi. Shi ar rubuce ga rumfatai. Yanzu haka mutanen daji na zamne gabanai suna jin rediyo."

Zakiyya ta miƙe, biro ya faɗi. Fuskarta ta sauya sau biyu, farko tsoro, sannan wani abu mai kama da lissafi.

"Innalillahi. Inna, ai na karanta miki! Na tambaye ki!"

"Kin karanta. Sau bakwai ni ji shi."

"To me ya sa ba ki faɗa ba?"

Hajjo ta dubi Muntari, ta so a ce ba ya nan, amma ba lokacin kunya ba ne.

"So nike a gane ni," ta ce. "Matan da muke zamne da su na kira na ungozomar ɓarayi. So nike su ji da kunnuwansu, ba daga bakina ba. Ni aza ɗana bisa faifai don Hajara ta ji kunya. Shi ke nan, na hwaɗi."

Muntari ya shiga goge hannu da tsumma, hannun da ba zai fita ba.

"To, Allah Ya rufa asiri tunda ba a sa gam ba," in ji Zakiyya da sauri. "Malam Muntari, a sake buga wannan fallen. Mu sa masa wani suna, mu ce tela ne ko mahauci. Zuwa gobe da yamma ai ka gama?"

"In an kawo wuta, ko an samu man janareto, a gama."

"Ba suna za a sake ba," in ji Hajjo. "Hidda shi za a yi duka."

"Duka me?"

"Babin."

Zakiyya ta yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. "Haba Inna. In an sauya suna wa zai gane?"

"Ɗiyata, ungozoma nawa anka ɗauka sau biyar? Ɗa nawa yaz zo da ƙahwa ga matar babbansu? Wa ya kirɓa dawo ran nan? Sunan don mutanen Mabera na bar shi. Su na daji ba su buƙatar suna, dawo ya ishe su. Sun kashe nasu kan maganar ga. In sun ji ba shi ba na, ina kike zaton za su tahi?" Ta matsa kusa da ita. "Kuma ke ma kin san haka. Kina da ilimi, kin hi ni sanin yadda magana ka tahiya. Kin sani tun ran da ni hwaɗa maki."

Idon Zakiyya ya kawo ruwa, amma na haushi ne.

"Shekara biyu ina wannan aikin, Inna. Na sha zagi, an kore ni daga gidaje, mijina ya ce na mayar da kaina 'yar jarida. Mata goma sun ba ni labari, duk kuka ne, an kashe, an ƙone, an gudu. Ke kaɗai kika yi wani abu da hannunki. In na cire ki, littafin nan cewa zai yi mata ba su yi komai ba sai kuka. Shi ke nan abin da za a sani a kanmu?"

"Sun yi," in ji Hajjo. "Ba su hwaɗa maki ba dai. Sun hi ni hankali."

Zakiyya ta koma kan benci ta dafe kai. Hajjo ta tsaya a kanta, ta san ba ta da iko da ko takarda ɗaya a shagon nan. Ta sa hannu a wata takarda tun farko, da babban yatsa. In yarinyar ta ce a'a, sai dai ta kwanta a ƙofar gidan rediyo.

Muntari ne ya yi gyaran murya. "Malama, ni dai ba ruwana, amma babin nan falle guda ne cif, daga talatin da ukku zuwa arba'in da takwas. In an zare tulin ga, sauran su haɗu lahiya. Sai dai lamba ta yi tsalle, kuma a sake shafin ƙumshiya."

"Mutane za su ga an yi tsalle," in ji Zakiyya, ba ta ɗago ba. "Bango ya ce mata goma sha ɗaya."

"Su gani," in ji Hajjo.

Wani mai kurar ruwa ya wuce a lungu yana buga galan. Can Zakiyya ta share fuska da gefen gyale ta ce, "Guda nawa ka haɗa, Malam?"

"Goma. Shidda na nan, ɗaya na wurin Inna."

"Ɗaya na gidan rediyo, gobe da safe zai ɗauki murya. Ɗaya na wurin malamin da zai yi bita." Ta ɗauki jaka. "Ku jira ni."

Hajjo ta yi La'asar a bayan injin, a kan kwali. Muntari ya ba ta ruwa ta kasa sha. Duk babur da ya tsaya a bakin lungu sai ta miƙe. Tana ta tunanin mai karatun rediyo, ko irin mutanen nan ne masu ɗoki, da ba su iya riƙe labari mai daɗi sai sun ba abokai a majalisa. Rana ta yi sanyi kafin Zakiyya ta dawo, gyalenta ya jiƙe da gumi. Ta ajiye littafi biyu a tebur.

"Na rediyo bai buɗe ba, yana cikin leda. Malamin ya karanta, amma ya ce ya fahimta, ya yi rantsuwa. Na ce su fara da babi na ɗaya."

Hajjo ta kwance nata daga ƙugu ta ɗora. Ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta sake bi.

"Tara," ta ce.

"Wataƙila Malam ya yi kuskuren ƙirga."

Muntari ya juya yana gyara dutsen da bai karkace ba. Hajjo ta dubi jakar da ke rataye a kafaɗar Zakiyya, da yadda gwiwar hannunta ta danne ta a jiki. Shekara arba'in tana kallon mata suna ɓoye abin da suke ɗauke da shi. Ta miƙa hannu.

"Guda ɗaya, Inna. Nawa ne, na kaina. Akwati zan sa shi in kulle. Wata rana za a zauna lafiya, a ce ina shaida?"

"Ni ma haka ni ce, guda ɗaya, Bara'atu kaɗai za ta karanta."

Hannun na nan a miƙe. Zakiyya ta zuge jakar a hankali ta ciro shi, ta riƙe shi ɗan lokaci, sannan ta ɗora a kan sauran.

Muntari ya zare tulin babi na uku daga kan tebur, ya yayyage fallen daga cikin goman da aka haɗa, ya tura duka cikin buhu ya ja shi bakin ƙofa.

"Ina za ka kai shi?" in ji Hajjo.

"Nan za ni aje shi. Akwai masu tsire da masu ƙosai na tasha, su ka kwashe muna takardun da sunka lalace, suna ƙunshi da su."

"Wace tasha?"

Ya juya ya dubi buhun. Daga tashar nan motocin gabas ke lodi, masu bi ta Tunga.

A bayan shago akwai rabin duro da ake ƙona shara. Hajjo ta ja buhun da kanta, ta ƙi a taya ta. Takarda naɗaɗɗiya ba ta cin wuta da sauri, sai an warware ta, don haka ta riƙa buɗe falle-falle tana jefawa, Zakiyya na tsaye daga nesa ta harɗe hannu. Daga baya ita ma ta matso ta fara miƙo mata. Hayaƙi ya cika lungu, wata mata ta leƙo ta katanga ta yi mita ta koma.

Da wutar ta lafa Hajjo ta leƙa cikin duro. Takardun sun yi baƙi sun nannaɗe, amma rubutun bai tafi ba, yana nan a jikinsu yana ƙyalli layi-layi. Ta kira Zakiyya ta nuna mata.

"Wanga ana iya karanta shi?"

Zakiyya ta sunkuya. "In an kula, ana iyawa."

Hajjo ba ta san wane layi ne ke ɗauke da sunan ɗanta ba, don haka ta nemo guntun katako ta bi tokar tana murƙushewa, tun daga gefe har tsakiya, ta juya ta ƙasa ta dawo da ita sama ta sake bi. Ana kiran Magariba ta ce wa Muntari ya kawo mata ruwa bokiti guda, za ta kwara wa tokar.